Gwaggo Vina da Gidan Ubanta

Duk wanda ya taɓa zuwa Mosey Harbour kallon duwatsun ƙanƙara yana da hoton gidan Gwaggo Vina a wayarsa, ko ya san sunanta ko bai sani ba. Farin gida ne na katako mai bene, shi kaɗai a kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku. Daga Mayu zuwa Yuli, idan duwatsun suka gangaro daga arewa suna yawo a kan teku, sai su zo su tsaya a bayansa kamar an biya su. An buga gidan nan a kalanda, an buga shi a jikin kofin shayi, na ma taɓa ganinsa a bangon filin jirgin sama, hoton ya fi ni tsayi. A duk cikinsu ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa ya ce, Gwaggo, kin yarda?

Ni ne Garland Feltham, maƙwabcinta. Da can masunci ne ni. Da aka hana mu kamun kifin kod sai na wanke jirgina, na sa masa kujeru, na koma kai baƙi su ga ƙanƙara su yi amai. Ba na ƙorafi, da shi na ciyar da iyalina. Amma Gwaggo Vina ba ta taɓa yafe min ba. In ta hango ni na ɗebo mutane cikin jajayen rigunan ceto, sai ta ɗago hannu daga bakin shanya ta ce, "Ɗan Dulcie, yau kifi nawa ka kama?" Shekarata hamsin da takwas, ina da jikoki uku, amma a bakinta har gobe ni ɗan Dulcie ne, da sunan uwata take kirana.

Sunanta Melvina Sturge. Ba a garinmu aka haife ta ba, kuma ba ta bari kowa ya manta. A Tsibirin Loder aka haife ta, mil tara daga nan, cikin wannan gidan, a ɗakin sama na hannun hagu. Tana da shekara goma sha uku gwamnatin Newfoundland ta ce ƙananan tsibirai sun yi mata nisa, ba ta iya kai musu malami da likita, kowa ya tattara ya dawo inda mota take zuwa. Ubanta, Absalom, ya ce to, zai tashi, amma gidan da kakansa ya gina ba zai kwana a baya ba. Aka ɗaura wa gidan gangunan mai, aka tura shi teku, jirage suka jawo shi. Ba shi kaɗai ya yi haka ba. A lokacin, in mutum ya leƙa taga da safe ya ga gida yana wucewa a kan ruwa, gashin burodinsa yake ci gaba da yi.

Da suka iso ba su da ko taku ɗaya na ƙasa. Wani dattijo a garinmu, Eli Oram, ya nuna tsinin nan da sandarsa ya ce, "Ajiye shi can, Ab. Wurin ko tumaki ba sa so." Shi ke nan. Ba takarda, ba sa hannu, ba lauya. A wurinmu ƙasa daban, gida daban. Gida kaya ne, kamar jirgi ko gado: wanda ya gina shi ne mai shi, in ya ga dama ya ɗauke abinsa. Kowa ya san haka, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin rubutawa.

Vina ta bar makaranta tana da sha biyar ta shiga kamfanin kifi. Shekara ashirin da huɗu tana tsaye da wuƙa cikin ruwan sanyi, har yatsunta suka lanƙwashe, yanzu ba ta iya sa maɓalli sai da dabara. Ta auri Winston, mutum mai sanyin hali, ta ce masa ita fa ba ta barin gidan ubanta, sai shi ya kwaso kayansa ya tare. Maza suka yi ta tsokanarsa har ya mutu, shi kuwa dariya kawai yake yi. 'Yarsu ɗaya, Charmaine, ta bi miji Alberta wurin aikin mai. Da aka rufe kamfanin kifi Vina ta yi wankau, ta yi jinyar tsofaffi, ta share makaranta. Abu ɗaya ne ta ce ba za ta yi ba ko da yunwa za ta kashe ta: saƙa safa ta sayar wa 'yan kallo.

'Yan kallo take ce musu, ba baƙi ba. Ta ce baƙo sallama yake yi. Kuma gaskiya sun ƙure ta. Suna taka mata kunyar dankali don su sami kusurwa mai kyau. Suna roƙonta ta sauke shanya don tana ɓata musu hoto, ita kuwa daga ranar sai ta fito da tsofaffin dogayen wandunan marigayi Winston, duk faci, tana shanya su kullum ko ba su yi datti ba. Wata rana tana kwaɓa burodi ta ɗago kai ta ga wani ƙato ya manna hanci a gilashin taga. Ta fito ta miƙa masa tsumma da bokiti, ta tsaya a kansa har ya goge tagar.

Kada a ce muguwa ce. Wasu yara biyu da suka taho a kan keke tun daga Vancouver, wata huɗu a hanya, ruwan sama ya kama su a ƙofarta, suka ƙwanƙwasa suka nemi izinin fakewa. Kwana uku ta riƙe su tana ɗura musu kifin gishiri da dankali, sai da suka roƙi arziki ta sake su.

Bara, bazarar da ta cika saba'in da ɗaya, jikan Eli Oram ya sayar da tsinin. Trevor sunansa, a Calgary yake zaune, rabonsa da garinmu tun jana'izar ubansa. Ya tarar da filin cikin takardun gado, wani ya taya, ya sallama. Bai ko buga mata waya ba. Na faɗa a bayan idonsa, in ya zo kuma zan maimaita a gabansa: abin da ya yi rashin mutunci ne.

Wanda ya saya wani mutumin Toronto ne, Mista Hartwig, mai gidajen saukar baƙi. Ba mugu ba ne, wannan ma shi ya fi ba ni haushi. Ya zo da kansa, da kwalin cakulan, ya roƙe ni in raka shi don ya ji an ce tsohuwar tana da zafi. Ta ba mu kujera, ta zuba mana shayi. Ya shimfiɗa takarda a kan tebur ya nuna mata layin da ya ce fili da duk abin da ke kansa. Ya ce ranar ɗaya ga Agusta wurin zai zama nasa, amma kada ta damu ko kaɗan.

"Ba korar ki zan yi ba, Malama Sturge," in ji shi. "Ɗakuna uku na sama za mu gyara wa baƙi. Ke kuma ki zauna a ƙaramin ɗakin ƙasa. Da safe ki gasa musu burodi a murhun nan, ki sa irin rigar da kakanninki ke sawa, ki ba su labarin tsibiri. Mutane za su zo daga ko'ina a Kanada don su gan ki."

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina, don na san abin da ke tafe.

"Su gan ni," in ji ta. "A wane ɗaki za su kwana?"

"Duka ukun. Na hagu ya fi kyau, yana kallon teku."

"A nan uwata ta haife ni. A nan kuma ta cika." Ta tura masa kwalin cakulan ɗinsa. "Filin naka ne, ɗana, ban musa ba. Eli aro ya ba mu, mun gode, Allah ya ji ƙansa. Gidan kuwa na ubana ne."

Ya yi murmushi irin na mai haƙuri ya ce a doka ba a raba fili da gidan da ke kansa. Ta ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Muna fita ya ce da ni, "Za ta sauko. Ina za ta kai shi?" Wallahi har da dariyarsa. Ni ma a lokacin ban san amsar ba, sai da ta aiko kirana washegari na tarar da Kawu Hedley Burry zaune a kicin ɗinta. Shekararsa tamanin da huɗu, kunne ɗaya ya mutu, kuma shi kaɗai ya rage cikin mazan da suka san yadda ake ɗora gida a kan ruwa.

"Zauna, ɗan Dulcie," in ji ta. "Gida za mu koma."

Na ce, "Gwaggo, ba kowa a Loder. Ba wuta, ba famfo, sai kabari da tsuntsaye."

"Na tambaye ka?"

"Gidan nan ya haura shekara ɗari da ashirin. In ya tarwatse a tsakiyar teku fa?"

"To ya tarwatse a hannuna. Ya fi a kwantar min da 'yan kallo a gadon uwata." Ta juya wurin tsohon ta ɗaga murya. "Hedley, zai iya?"

Kawu Hedley ya tashi, ya buga bango da dunƙulen hannu, ya kara kunnensa mai kyau. Ya ce, "Ya fi ni lafiya."

Charmaine ta yi ta buga waya daga Alberta tana kuka, ta ce ta gyara wa uwarta ɗaki mai ɗumi da banɗaki a ciki. Ta kira ni ta ce in wani abu ya sami uwarta ni za ta kama. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma ina tuna rigar kakanni da burodin safe sai in ji raina ya sake ɓaci, in koma neman ganguna.

Mako uku muka yi muna shiri, mu tara, ƙaraminmu ya ba hamsin baya. Muka kwashe kaya, muka rushe bututun hayaƙi bulo-bulo, muka tokare ɗakunan daga ciki da gumagumai. Muka tattaro gangunan mai guda sittin daga garuruwa huɗu. Mun yi gardama a kan igiya, mun yi gardama a kan ƙulli, mun yi gardama a kan ranar da teku za ta cika da safe. Kawu Hedley ya ce dole a huda daɓen ƙasa ruwa ya shigo har gwiwa, in ba haka ba gidan zai yi sama-sama iska ta kifar da shi. Na ɗauko abin huda katako, ya ce in dakata. Ya sa muka yaye ledar daɓe, sai ga ramuka takwas da Absalom ya huda shekara hamsin da takwas da suka wuce, kowanne an toshe shi da turken katako. Tsohon ya bi su da guduma ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo Vina ta tsince turakun ta zuba a aljihun rigarta, ta fita waje ta daɗe ba ta dawo ba.

Garin kuwa kowa ya sani, kuma kowa ya kama bakinsa. 'Yan kallo suna tambaya me ake yi, mu ce gyara.

Ranar ashirin da tara ga Yuli, ƙarfe shida na safe, teku kwance luf. Ɗan kawuna ya kawo katafilarsa, ya sa baki a bayan gidan ya tura shi a hankali kan gumaguman da muka shafe da man inji. Gidan ya yi ƙara, ya yi nishi, ya gangara. Da ya taɓa ruwa ya karkata gefe ɗaya har na rufe ido. Sai ruwa ya shiga ta ramukan Absalom, ya zauna daram, tagogin bene suna kallonmu.

A daidai nan motar Mista Hartwig ta tsaya. Wani ne ya tsegunta masa, har yau ban san ko wane ne ba. Ya fito da gudu, waya a kunne, ya tsaya a kan filin da ba komai sai duwatsun harsashi.

"Wannan sata ce," in ji shi. "Sata ce ƙiri-ƙiri. Zan kira 'yan sanda."

Gwaggo Vina tana zaune a jirgina, jakarta a cinya. Ta ce, "Kira su, ɗana. Awa biyu ne daga ofishinsu, in ba su tsaya shan shayi ba. Ga filinka nan, na share maka shi. Bulon ma na bar maka, da dankalin. Ka tone shi a Satumba, kada ka bari sanyi ya kama shi."

Na tada inji. Jirage uku ne muke ja, nawa a tsakiya. Awa biyar muka yi a kan mil taran nan, tafiyar da na saba yi cikin minti arba'in. Gwaggo ba ta ci komai ba, ba ta sha ba, ta juya wa gaba baya tana kallon gidan. Muka wuce wani dutsen ƙanƙara da ya fi cocinmu girma, ko kai ba ta ɗaga ba. Ƙanwata Joycelyn, mai babban jirgin yawo, ta fito da baƙinta arba'in da uku kallon dutsen, amma da suka hango gida a kan teku ba wanda ya sake waiwayar ƙanƙara. Suka biyo mu daga nesa, wayoyi a sama. Gwaggo ta ja tsaki ta ce, "Har nan ma."

Wajen sha ɗaya muka shiga mashigin Loder. Muka ja gidan har gindinsa ya daki tsakuwar gaɓa. Muka yi tsalle muka sauka, muka jera gumagumai, muka ɗaura babbar igiya. Mu tara muka kama, Kawu Hedley ya ba da murya, muka ja. Gidan ko gezau. Muka sake ja har na ji wani abu ya ƙame min a baya. Sai muka tsaya muna kallon juna.

Abin kunya ne, amma zan faɗa. Mako uku muna gardamar ƙulli, ba ɗayanmu da ya tambayi wa zai ja gidan sama. A Mosey Harbour katafila ce ta tura. A Loder ba katafila, ba doki, ba mutum.

Kawu Hedley ya zauna a kan dutse ya cire hularsa. Ya ce, "Gida goma sha ɗaya na kai da hannuna, Vina. Duk inda muka isa, mutum tamanin muke tararwa a bakin ruwa suna jira da igiya. Ban taɓa dawo da gida nan ba. Na manta ba kowa." Ban taɓa ganin tsohon nan yana hawaye ba sai ranar, kuma ni ma sai da na juya baya.

Iska ta fara kaɗowa daga kudu maso yamma, kamar yadda take yi kusan kullum da rana ta take. Duk mun san lissafin: nan da awa biyu raƙuman ruwa za su shigo mashigin, su ɗaga gidan su maka shi da duwatsu har ya zama itacen wuta. Tuni ya fara ɗagawa yana dukan tsakuwa, gilashin taga ɗaya ya fashe.

Na kalli jirgin Joycelyn da ke tsaye a bakin mashigi. Na ce, "Gwaggo, ga mutane can."

"Ba ɗan kallon da zai taɓa gidan ubana."

"To teku za ta taɓa shi."

Gidan ya sake ɗagawa ya faɗo, muka ji wani katako ya tsage a ciki. Gwaggo ta miƙo hannu ba tare da ta kalle ni ba, na ɗora mata oba-oba. Na zaci roƙo za ta yi, har na fara jin tausayinta.

"Joycelyn, kina ji na? Sa ni a lasifika." Ta gyara murya. "Ku mutanen cikin jirgi. Shekara ashirin kuna kallon gidan nan kyauta. Yau za ku biya. Duk mai baya da hannu biyu ya sauko ya kama igiya. Wanda ya sauko min da waya a hannu, na rantse sai na jefa ta a teku."

Na ce a raina shi ke nan, ta kore su. Sai ga ƙaramin kwalekwalen Joycelyn ya taho cike da mutane, ya koma ya sake ɗebowa. Wasu ma ba su jira ba, suka faɗa ruwa har ƙugu, kuma ruwan nan ko a Yuli yana yanka ƙashi. Akwai wani dattijo mai rawani daga Brampton da 'ya'yansa maza uku. Akwai ma'aikatan jinya huɗu 'yan asalin Filifin da ke aiki a Winnipeg. Akwai mata da miji daga Quebec da ba su jin rabin abin da muke faɗa, da wata malamar makaranta daga Iqaluit da ta ce ita ƙanƙara ba baƙuwarta ba ce, rakiya kawai ta yo. Akwai kuma wasu manoma biyu daga Saskatchewan, shekaranjiya suka fara ganin teku a rayuwarsu, amma sun san jan kaya mai nauyi. Su suka karɓi aikin gumagumai, suna ɗauke na baya suna kaiwa gaba ba tare da an nuna musu ba.

Gwaggo Vina ta bi layin tana jera su kamar 'yan makaranta. "Kai dogo, koma baya. Ke, cire zoben nan kafin ya cire miki yatsa. Baba mai rawani, ka iya ja ko ado ka zo yi?"

Dattijon ya ce, "Hajiyata, shekara talatin ina ɗaure kaya a babbar mota."

"To mu gani a ƙasa."

Kawu Hedley ya ɗauko tsohuwar waƙar jan gida, wadda in an kai ƙarshen baiti kowa ke ja gaba ɗaya. Baiti biyu ya yi numfashinsa ya ƙare. Sai Gwaggo ta karɓa. Muryarta ba daɗi, ba ta taɓa yin daɗi ba, a coci ma roƙonta ake ta rage. Amma ana jin ta har bayan tsibiri. Ta kai ƙarshen baiti, mutum hamsin da biyu suka kwanta a kan igiya, gidan ya motsa taku ɗaya. Ruwa ya fara tsiyaya ta ramukan daɓe, nauyi ya ragu. Baiti na gaba ya motsa taku biyu.

Awa biyu da rabi muka yi. Hannuwa suka sassale, wata daga cikin ma'aikatan jinyar ta koma ɗaure wa mutane tafin hannu da tsumma. Mutumin Quebec ya faɗi ya fasa gwiwa ya tashi ya koma layi yana zagi da yarensu. Raƙuman ruwa suka shigo kamar yadda muka sani, suka tarar gidan ya haye kan ciyawa. Daga nan kuma ya ƙi gaba. Tsohon harsashin Absalom yana can sama, taku talatin, muna ganinsa cikin ciyayi, amma ba sauran ƙarfi a jikin kowa. Gwaggo ta dubi harsashin, ta dubi mutanen da ke zube a ƙasa suna haki, ta ce, "Ya isa. Nan ma Loder ne."

Ba ta yi musu jawabin godiya ba. Ta buɗe akwatin da ta taho da shi, burodi goma sha biyu ne a ciki da kwalaben jam, ta hura wuta a gaɓa ta dafa shayi a tukunyar wanki. Kofi shida ne, aka yi ta zagayawa da su. Kowa ta ba shi da hannunta, tana tambayarsa sunansa da sunan garinsu.

Gidan yana nan a karkace kaɗan. In ka ajiye ƙwai a tebur, a ƙofar baya za ka tsince shi. Ruwan gishiri ya cinye fentin ƙasa, ɗakin girki har yau yana warin teku. Mun gina mata sabon bututun hayaƙi, na kai mata itace da kananzir. Mista Hartwig ya kai maganar wurin lauyoyi, suna can suna juya ta. Charmaine ta yi wata biyu ba ta yi wa uwarta magana. Da sanyi ya shigo sai da muka yi kamar za mu ɗaure Gwaggo kafin ta yarda ta dawo ɗakin bayan gidana, inda ta shafe hunturu tana koya wa matata yadda ake wanke tukunya. Ƙanƙara na sakin mashigi a watan Mayu ta sa na mayar da ita.

A Yunin bana wani saurayi ya zo daga wani ofishi a birni, da jaka da takarda, ya ɗauki hayar jirgina zuwa Loder. Yaro ne mai ladabi, duk hanya yana ba ni haƙuri kamar ni na yi laifin. Muka tarar da ita tana tura ciyawar teku a baro za ta kai wa dankalinta. Ta shigar da shi, ta ba shi kujerar da ba ta gangarawa, ta zuba masa shayi. Ya karanta mata takardar: tsibirin ba wurin zama ba ne tun shekarar da aka tashe shi, gidan ba shi da izini, an ba ta kwana casa'in ta ɗauke shi.

Ta saurara har ya gama. Ta karɓi takardar ta duba gaba da baya, ta mayar masa.

"Ba ni da ja, ɗana," in ji ta. "Igiya tana nan a rumfa, gangunan ma ban zubar ba. Mutum tamanin ake bukata."

Ya ce, "Gwaggo, a ina zan samo mutum tamanin a tsibirin nan?"

"Da akwai su. Ku kuka kwashe su. In kun san inda kuka kai su, ku dawo min da su su sauke shi."

Yaron ya daɗe yana kallon tagar da ke fuskantar tudu, inda harsasan gidaje ke jere cikin ciyawa har zuwa maƙabarta. Sannan ya ninke takardar ya sa a jaka, ya shanye shayinsa. Ta raka mu bakin ruwa, ta ce in taho mata da ashana da gishiri ranar Juma'a. Kafin in juya jirgi ta koma kan baronta.